Belun Ladan da Askar Baba Uwaisu

Wanda ya san Dutsi a shekarun baya ya san gindin dalbejiyar nan ta bakin masallacin unguwa. Da hantsi Baba Uwaisu Wanzami zai shimfiɗa buzu, ya kwance zabirarsa, ya hau wasa aska yana taunar goro. Kafin ka ce kwabo dattawa sun jeru, hula a gwiwa. Sunan abin aski, amma rabin zaman hira ce da tsiya. Allah sarki, zamani! Bana hannu ya fara rawa, Baba ya naɗe zabira ya rataye, inuwar kuma ta koma ta 'yan acaɓa.

An san shi da ƙaho da askin suna, amma abin da unguwa ba ta manta ba shi ne aikin da ya ƙi yi.

Wata shekara majina ta maƙale wa Ladan Zulkifilu a maƙogwaro, ta ƙi fita ta ƙi wucewa. Kullum kaki, kullum gyaran murya. Ya ɗauko kiran salla, kafin ya kai tsakiya murya ta shaƙe, lasifika kuwa ba ta san rufin asiri ba. Dattawan masallaci suka fara magana ƙasa-ƙasa a nemi wani ladanin. Kowa ya ce belu ne, ɗan naman nan mai reto a maƙogwaro, a cire shi a huta kamar yadda aka saba.

Ladan ya zo ya zauna a buzu. "Wanzam, cire mini tsiyar nan yau. Kiran sallar nan gadona ne, ba zan so ya bar gidanmu a hannuna ba."

Baba ya juya shi wajen rana, ya danne masa harshe ya leƙa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar da aska zabira.

"Malam, belunka bai yi maka laifin komai ba. Me kake ci bayan Isha'i?"

"Tuwon dawa mana, mai ɗakina Yelwa ta zuba mini yaji."

"Sai kwanciya?"

"To rawa zan yi?"

"Ƙwannafi fa, ba ya taso maka?"

Ladan ya gyaɗa kai.

"Da rana kuma kana injin niƙa kana shaƙar gari. Haba Malam! Ɓarayi na ciki da hanci, ka kawo marar laifi a yanke?"

Ladan ya miƙe a fusace, ya ce tsufa ya sa Wanzam tsoron jini, shi Baure zai tafi a cire masa. Da wani wanzamin ne, da ya kaɗe buzunsa ya ce a sauka lafiya. Baba kuwa sai ya bi shi har gida, ya yi sallama da matarsa Yelwa daga zaure. Ya ce ta riƙa sauke tuwo da wuri, ta rage yaji, ta ɗaga masa matashi. Shi kuma Ladan, safe da yamma ya kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri, ya yi sirace, ya sha citta da zuma, a wurin injin kuma ya ɗaure hanci da ƙyalle. Da kansa ya raka Ladan asibiti a Daura aka ba shi maganin ƙwannafi, ya kuma roƙi dattawa su jira har a cire amfanin gona.

Wata La'asar yana tsakar aski sai kira ya taso, tar, babu ko gargada. Baba ya tsaya cak, idonsa ya cika da ƙwalla.

Wanda ake wa askin ya ce, "Wanzam, rabin kaina fa?"

"Kai, yi mini shiru in ji ladan!"

Baba Uwaisu, kai ne wanzamin da ya san cewa ba kowane ciwo ne na aska ba. Ka sha zagi a kan haka, an ce ka tsufa, an ce ka tsorata, ba ka fasa ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka gama lafiya. Ku kuma matasan da kuka gaji zabira, ku leƙa ku tambaya kafin ku zaro aska, abin da ya fi ƙarfinku ku tura asibiti.

Ladan Zulkifilu ya yi furfura yanzu. Har yau shi ke kira, da muryarsa da belunsa.