Sajan Ajimi Kashim da Fuskar da Ke Cikin Laya

Haihuwa da Karatu

An haifi Ajimi a garin Konduga a shekarar 1958. Mahaifinsa Ba Kashim manomi ne, mahaifiyarsa kuma Ya Falmata. Yana jariri aka yi masa zanen Barebari a kumatu bisa al'ada. Ya yi karatun allo da firamare a garinsu, amma ya fi kauri a tsalle-tsalle da gudu, abin da malamansa ba su yaba ba sai daga baya.

Aikin Soja da Iyali

A 1978 ya shiga soja, a 1984 kuma ya auri Rakiya. A bariki ya ƙulla aminci da Kofur Obadiah, mutumin ƙasar Biu, har ta kai akushinsu ɗaya. A 1990 aka tura su Laberiya, kafin tafiya suka ɗauki hoto tare cikin kaki, hula iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Obadiah bai dawo ba. Ya bar matarsa da juna biyu, kuma kafin rasuwarsa ya yi wa Ajimi wasiyya da ya kai wa abin da za a haifa hoton nan, domin ba shi da wani hoton. Da Ajimi ya dawo, ya tarar matar ta bar bariki ba a san inda ta nufa ba. Ya yi cigiya har ya yi ritaya da muƙamin sajan a 2001, hoton na rataye a ɗakinsa na Konduga.

Hijira zuwa Maiduguri

A 2014, da 'yan bindiga suka afka wa garin, hoton kaki a gida ya zama sanadin halaka. Ajimi yana gona. Rakiya, cikin gaggawa, ana jin harbi a bayan katanga, ta sa almakashi ta yanke kan mijinta daga hoton, ta jefa sauran a murhu. A hanya ta sa wani baduku ya ɗinke guntun cikin fata kamar laya, domin ba mai bincike da ke farke laya. Iyalin suka zauna a unguwar Mairi a Maiduguri. Ajimi bai tsawata mata ba, amma daga ranar barcinsa ya ƙaranta. Ya rataya layar a wuya, ya haramta a buɗe ta, yana cewa fuskarsa ba ta da amfani tunda amanar ta ƙone.

Shekarun Ƙarshe

A 2019 wata mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Baga Road, mai suna Phoebe, ta yi sallama a gidansa, ta ce ita ce 'yar Obadiah. Abin da ya daɗe yana tsoro ke nan. Ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce akwai hotonsa a wurinka." Ya kasa ɗaga ido, ya ce, "'Yata, wuta ta ci." Ta ci gaba da zuwa gaishe shi da ƙunshin kifi, kowane zuwa kuma tana ƙara masa damuwa, domin ko kamannin abokin nasa sun fara kuɓuce masa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2023 bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa a Maiduguri. Ya bar matarsa Rakiya da 'ya'ya huɗu: Mikail, Taufiq, Najiba da Ammatullahi. Bayan sadakar bakwai, Mikail ya farke layar domin su ga mahaifinsu a ƙuruciyarsa. Suka ga saurayi da hular soja, kumatunsa sumul, babu zane ko ɗaya. Rakiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wayyo Allah, ashe ba shi na yanke ba. Ku kira Phoebe."

Allah ya jiƙansa. Shekara tara yana neman gafarar amanar da ke rataye a wuyansa.