Katangar da Yaya Sale Ya Bar Mini

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Sale, kuma a cikinsu ban taɓa iya zama na rubuta komai a kansa ba. Ba abin faɗa na rasa ba. Tsoro nake ji, domin ta duk inda na faro labarinsa sai ya biyo ta kan abin da na aikata bayan ransa.

Waɗanda suka tashi a wannan yanki sun san shirin yara na talabijin mai suna Gindin Katanga, ko da ba su san mai shi ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kafinta a unguwar Hausari nan Potiskum. Shi yake zura hannu cikin 'yan tsana yana yi musu murya. Ni tela ce, ni na ɗinka su: Baba Tsoho mai gemun auduga, da jikarsa Talatuwa sarkin tambaya, da akuya Kyalla, wadda maƙwabcinmu Malam Bitrus, wani malamin makaranta mutumin Filato, yake yi wa kuka da magana. Shekara goma sha tara suna koya wa yara ƙirga da wanke hannu da gaida manya.

Wurin da ake shirin kuwa, in na kwatanta shi za ku raina. Allunan katako ne guda uku da ke ninkuwa, ya shafe fuskarsu da jar ƙasa da ya kwaɓa da gam, suka zama katangar gida irin tamu. Akwai taga ɗaya a tsakiya, sai randa da moda a gefe. Shi ke nan. Duk ranar ɗaukar shiri ya ninke su ya ɗaure a saman bas zuwa Damaturu. Tsayin katangar ma ba da awo ya fitar ba. Durƙusawa ya yi a bayan allon, ya ce in ja layi da alli daidai saman hularsa, a nan ya yanke. Shi ya sa duk tsawon shekarun nan babu yaron da ya taɓa hango kansa.

Na sha tsokanarsa. Na ce, “Yaya, gidan Baba Tsoho ko labule babu? Ai sai a ce rowa ce ta yi mana yawa.” Ya ce, “Ke dai ji da gemunki. Yaro in ya san gida ba ya kallon gida, mai magana yake kallo.” An taɓa matsa masa ya karɓi wani ƙyalle mai zanen benaye da furanni, aka rataya a madadin katangar. Mako ɗaya ya yi. Yaran unguwa suka tare shi a ƙofar shago suna tambayar ko Baba Tsoho ya yi ƙaura ne bai yi musu sallama ba. Daga ranar babu wanda ya ƙara kawo maganar canji.

Abu ɗaya ne kawai yake sauyawa a wurin, wato abin da aka ɗora a bakin taga. Yau sabulu, wani makon lemo uku, wani makon tsintsiya. Darasin ranar ke nan. Kafin kowa ya buɗe baki idon yara na kan taga, suna gardamar abin da za a koya.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ba sai na faɗa wa mutumin Potiskum yadda suka kasance ba. Hanya ta zama abin tsoro, shiri ya tsaya, Malam Bitrus ya kwashe iyalinsa ya mayar gida. A cikin wannan hali ciwo ya kwantar da Yaya. Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannuna ya ce, “Binta, tsana in ta lalace kya ɗinka wata. Katangar nan ita ce gidan. Ki riƙe mini ita.” Na ce to.

Ko arba'in ba a yi ba aka fara raɗe-raɗin cewa ana bin gidajen da ake zargin suna ajiye gumaka. Har yau ban san ko gaskiya ne ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da rana tsaka, ina dafa wake, na buɗe akwati na ɗauko 'yan tsanan su ukun na tura cikin murhu. Gemun Baba Tsoho ne ya fara kamawa. Ni na ɗinka shi, ni na tsaya na ga ya zama toka, ina leƙen ƙofa. Katangar kuma na juya fuskarta ta kalli bangon kicin, na jera buhunan gawayi a gabanta. Duk wanda ya shigo tsofaffin katakai kawai zai gani. Rashin ƙyale-ƙyalen da nake yi wa dariya shi ya tsirar da ita.

Da abubuwa suka lafa Malam Bitrus ya dawo, ya zo mini ta'aziyyar da bai samu yi ba, ya tambayi akuyarsa. Na ce ɓera ya cinye. Malam, in kana karanta wannan, ƙarya na yi maka, ka yafe mini.

Lafiya ta dawo gari, amma ban juyo da katangar ba. Da farko na ce sai an ƙara natsuwa. Daga baya na fara ganin hanyar gara tana hawa ta bayan allunan, siririya, kowace damina tana ƙara tsawo. Ina shiga kicin sau nawa a rana, ina kawar da kai. Muddin ban duba ba, ina iya cewa amanar tana nan. In na duba na tarar da gari fa? Da wane baki zan ce na riƙe?

Akwai kuma wani tsoron a ƙarƙashin wannan. Ina kallon jikokina da waya a hannu, hoto na wucewa kafin ka ƙifta ido, launi kan launi, ƙara kan ƙara. Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan. Zai ce har yanzu yaro mai magana yake kallo? Ko zai yi shiru ya ninke allunansa? Na san shi da taurin kai, ina jin zai ce a ba shi minti biyar da lemo uku. Amma ban da tabbas, kuma rashin tabbas ɗin yana damuna. Gara ta ci katangar abu ne mai zafi. A fito da ita lafiya yara su kalla su yi hamma, wannan ban san yadda zan ɗauka ba.

Watan jiya wata matashiya mai suna Fati ta yi sallama. Ta ce a Mamudo ta tashi, a gidan maƙwabta suke kallon shirin da batirin mota, yanzu kuma ita ma shirye-shiryen yara take yi. Ta ce, “Inna, an ce katangar tana wurinki. So nake in dawo da ita.” Na ce ba na jin daɗi, ta dawo jibi. Ta dawo, na ce makullin kicin ya ɓace, alhali kicin ɗina ko ƙyaure ba shi da shi. Ta kalli ƙofar, ta kalle ni, ta tafi. A zuwa na uku kunya ta fi tsoro ƙarfi.

Muka kwashe gawayin ni da ita. Da muka ɗago allon dama sai ƙasansa ya zube a ƙafafunmu kamar garin rogo. Na ce innalillahi, na zauna a kan turmi, na kasa ci gaba. Ita ta janyo sauran zuwa tsakar gida. Na hagu ma an ci gefensa. Na tsakiya, mai tagar, ya tsaya da ƙafarsa, jar ƙasar tana nan, har da ɗan tsagin da Talatuwa take cewa gidan ƙadangare ne.

Fati ta ja da baya ta zauna a ƙasa, ta naɗe ƙafa. Mace mai 'ya'ya biyu. Ban ga ta kalli ɓarnar gara ba, tagar ta zuba wa ido. Can ta ce a hankali, “Inna, yau ba a ɗora komai ba.”

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar rasuwarsa.

Da ta zaga baya ta durƙusa don ta gwada, sai ɗankwalinta ya leƙo sama da kusan tafin hannu, domin ta fi Yaya tsawo. Na ce a nemo kafinta ya ƙara katako a sama. Ta ce a'a, kafinta ya gyara ƙasa inda gara ta ci kawai, saman nan ba a taɓa shi. Ta ƙara sunkuyawa har ta ɓace.

An ɗaure allunan a saman keke mai ƙafa uku an tafi da su. Ta bar mini yadi da auduga, wai in sake ɗinka su ukun. Na yi makonni ina juya yadin ban sa masa almakashi ba. Ban san ko zan tuna fuskar Baba Tsoho ba, kuma ban san ko yaran yanzu za su zauna masa ba. Wannan tsoron bai tafi ba, ba kuma na jin zai tafi kafin ranar da za a nuna shirin.

In na auna abin da ya rage na Yaya Sale, ba shi da yawa. Muryarsa ta tafi, 'yan tsanansa ni na ƙone su, rabin katakonsa gara ta ci. Abin da ya saura taga ce ɗaya da babbar mace ke zama a gabanta tana jira, da tsayin mutum a durƙushe, wanda duk mai son yin magana da yara ta bayan katangar nan dole ya rage kansa ya dawo daidai da shi. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe mini rabin da ban riƙe ba. Jiya na yanka gemun sabon Baba Tsoho.