Zanen Zumuntata Ya Tsallaka Katanga

'Yan'uwa, ku ji abin da ya same ni yau a Fezzan!

Ni ce da koyarwa a zumuntar mata, a kan ƙaunar maƙwabci. Na wanke zanen ankonmu na shanya a katanga. Ina juyowa, babu zane! Iska ta jefa shi gidan Ya Falmata, maƙwabciyata, wadda wata biyu ban gaishe ta ba, don akuyarta ta cinye mini alayyafo.

Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Lokaci na tafiya. Sai ga sallama! Ita ce da kanta, zanen a ninke. Ta goge shi da dutsen gawayi, har ta turara shi da turaren wuta.

Ta ce, "Maman Rifkatu, gaban Allah za ki je. Ba za ki tafi da warin akuyata ba."

Kunya ta kama ni!

A coci, ina miƙewa ƙamshi ya cika wurin. Shugabarmu ta ce, "Ke! Wa ya turara miki zane haka?"

Na dubi takardar koyarwata, shafi uku cur. Na ninke ta. Na ce, "Wadda ta riga ni yin koyarwar yau."