Asirin Mai Ramuwar Azumi

Akwai wata la'asar da ko tsufa ya sa na manta sunayen ƙawayena, ita ba zan manta da ita ba. Shekaru sun ɗan ja, amma har yanzu ina ba da labarinta.

Ina da shekara goma sha tara, na gama sakandare ke nan, aka ɗauke ni aiki a wata makarantar kwana ta 'yan mata nan Katsina, in riƙa taimaka wa malamar wasanni. Ita Malama 'yar Filato ce, Kirista, ta karanto ilimin motsa jiki a jami'a. Zamanin kuɗin mai ne, mai digiri ofis ke jiransa har da mota, 'yan ajinsu duk sun watsu Kaduna da Ikko. Ita kuwa ta kafe sai horar da 'yan mata gudu. Gwamnati ta aiko da takalman gudu kwali-kwali, masu sa su ne babu. Gida-gida Malama ta bi tana roƙon iyaye, ni ina gaba ina sallama. Shugabar makaranta ta yarda, amma da sharaɗi: ranar da wani abu ya sami ɗiyar mutane a filin nan, ranar za a rufe gudun, Malama ta koma aji ta riƙe alli.

Wadda ta fi kowa gudu wata siririya ce 'yar aji huɗu, ɗiyar wani Alhaji mai sayar da hatsi a Ƙofar 'Yandaka. Sau uku muna zuwa zaurensa kafin ya amince, ya ce wa Malama amana ce ya ba ta.

Ranar da abin ya faru saura wata biyu azumi, ana zafin nan na gab da saukar damina, hadari ya haɗu ya watse. Ranar ce za a fitar da waɗanda za su je gasar makarantu a Kaduna. Da hantsi yarinyar ta ja ni bayan ɗakin kwanansu, ta ce ramuwar azumi take yi, yau kwana huɗu a jere. Kakarta ce ta aiko kada wani azumin ya zo ya tarar ba ta rama ba. Sahur ɗinta kuwa gari ne ta jiƙa da ruwa.

"Yaya, don Allah kar ki gaya wa Malama," ta ce. "Za ta cire ni, kuma za ta tambaye ni dalili a gaban kowa."

Duk macen da ta tashi a gidajenmu ta san abin da ke sa budurwa ta sha azumi, ta kuma san ba a maganarsa. Malama ta san watan azumi, har ta tsara dakatar da horo in ya kama. Ramuwa ce ba ta sani ba, kuma sanar da ita irin wannan yana cikin abin da aka ɗauke ni dominsa. Amma na dubi yarinyar, na tuna tawa kunyar, na ce a raina ai zagaye biyu ne kawai. Na yi mata alkawari.

Bayan la'asar Malama ta busa usur, ni ina riƙe da agogon auna gudu. Zagayen farko yarinyar ta ba su rata kamar kullum. A na biyu na ga tana karkacewa, tana fita daga layinta tana komawa, sai kawai ta kife da fuska. Muka ruga. Jikinta zafi rau, babu ko ɗigon gumi, idanunta sun juye. Malama ta ɗauke ta cak zuwa gindin darbejiya, ta sa aka kawo bokiti, ta jiƙa mata kai da wuya. Da ta ɗan motsa aka kai moɗa bakinta, sai ta datse haƙora tana kau da kai. 'Yan mata suka ja baya, wasu na cewa iska ce ta buge ta. Malama ta ɗauka farfaɗiya ce, ta ajiye moɗar, tana tambaya ko ta taɓa faɗuwa irin haka.

Ina tsaye, amsar tana bakina. Daga ƙarshe na ce, "Malama, azumi take yi. Shi ya sa take ƙin ruwan."

Kallon da Malama ta yi mini bai fi na ƙiftawar ido ba. Ta miƙo mini moɗar, ta ce ni za ta ji maganata. Na durƙusa a kunnen yarinyar, na gaya mata addini bai ce ta kashe kanta ba, ta sha, ta rama wata rana, ni ma zan taya ta mu yi tare. Sai da na maimaita sau uku kafin ta buɗe baki.

A motar makaranta muka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Kafin magariba ta farfaɗo sosai, har tana tambaya wa ya zo na ɗaya. Alhaji ya iso daga kasuwa, shugaba na biye da shi, fuskarta kaɗai ta gaya mini an gama rufe filin. Aka gaisa a tsaitsaye. Ya tambayi yadda aka yi, Malama ta ce laifinta ne, ita ta sa yarinyar gudu. Ba ta ambace ni ba sam. Nan na ji ba zan iya ba. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga bayan ɗakin kwana, kaina a ƙasa, ina faɗin kalmar da ban taɓa faɗa a gaban namiji ba.

Alhaji ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malama, ke ba ki sani ba. Wadda ta sani ta ji kunya, mai azumin ta ji kunya, mu da muka koya masu kunyar muna gida zaune. To wa zan kama?" Ya juya ga shugaba ya roƙe ta kada a rufe komai saboda ɗiyarsa. Kaduna dai bana ba za ta je ba, amma bayan Sallah in ta ga dama ta koma filinta. A nan bakin baranda na zauna ina kuka.

Kwana biyu Malama ba ta yi mini magana ba sai ta aiki. A na uku ta kira ni, ta ce daga yau kafin a fara horo in zaga cikin 'yan mata in tambaye su ɗaya-ɗaya a asirce. Duk mai azumi in ba ta agogo ko igiyar ƙarshen tsere ta riƙe, kuma babu mai tambayar dalili, har ita kanta. Haka muka yi shekara huɗu tare, kafin a ɗauke ta ta horar da 'yan gudun jiha baki ɗaya.

Abin da na koya shi ne, ba kowane alkawari ake riƙewa ba. Asirin da zai iya kai mai shi ƙasa, rufe shi ba tausayi ba ne, tsoro ne. Yanzu in yarinya ta ce mini kar in faɗa, nakan ce mata ta bari in nemo yadda zan faɗa ba tare da ta ji kunya ba, amma faɗa kam zan faɗa.