Ranar da Dogo ya ɗauki shatar mota

Duk wanda ya tashi zuwa Abuja daga Ƙarfi, in dai yana da hankali, sai ya fara biyawa ta ƙofar Malam Dogo. Ba ma'aikaci ba ne, bai kuma taɓa zama a aji ba. Manomi ne, masara da dawa da ɗan waken suya, amma rani ashirin da uku ya ci a Abuja yana tura baron rake. Da an gama kaka zai ɗaure jaka, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Abujar nan da ƙafarsa ya san ta, lungu da saƙo.

Iliminsa guda ne, yadda talaka zai zaga Abuja bai zubar da abin hannunsa ba. In ya fara bayani, to ka nemi wurin zama.

"Ka sauka Zuba da rana tsaka," haka yake farawa. "Masu ce maka Alhaji ina za ka, kar ka ko kalle su. Nemi motar haɗaka, wadda ake cusa huɗu a baya, biyu a gaba. Wadda ka ga mutum uku a ciki sun yi tsit, babu mai kaya, bar ta ta wuce, ɓarayi ne. Inda idonka ya hango, ƙafarka ta isa. Abinci kuwa, bi bayan leburori."

Shata fa, wato mutum ya ɗauki mota shi kaɗai ya hakimce a ciki, wannan a wurin Dogo hauka ne tuburan. Yana alfahari da cewa bai taɓa yi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mutum ne mai riƙon tsiya, Allah na gani, sai dai riƙon nan ne ya rufa wa gidansa asiri.

Matarsa Sabuwa iyakarta Malumfashi da Funtuwa. Ita ke riƙe gida duk rani, da yara shida da awaki da tsohuwar uwarsa. In ya dawo sai ya cika mata kunne da labarin titunan da ba su da rami, da benaye na gilashi, da masallacin da ƙubbarsa ke walƙiya kamar zinariya. Tana saurare tana tankaɗe. Ba ta taɓa cewa a kai ta ba.

Sai idonta ya fara lalacewa. Da farko tuntuɓe take yi da turmi, ana yi mata dariya. Daga baya mutum zai tsaya a gefenta ba ta sani ba. Likitan da suka gani a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana kan hanya. Ganinta ya koma kamar na mai leƙe ta mazurari: abin da ke gabanta sak kawai, shi ma sai ta tsaya ta nemo shi.

Bayan an kai amfani rumbu ta ce, "Malam, ka kai ni Abujar nan in gani tun da sauran ido."

Lokacin ya shekara biyu da daina cin rani saboda gwiwa. Bai yi musu ba. Suka bi ta Funtuwa, Zariya, Kaduna, suka kwana Dei-Dei gidan wani ɗan garinsu. Da hantsi Dogo ya gyara hula, ya shiga gaba da ƙarfinsa. Yau dai za ta ga abin da mijinta ya iya.

Ya tare motar haɗaka. Aka tura Sabuwa tsakiya, wata mata mai jiki a damanta, wani mai buhu a hagunta. Direba ya taka wuta. Dogo na ta nuni ta taga: ga gadar sama, ga benen da nake gaya miki, ga wancan, ga wancan. Ita kuwa tana ta cewa, "Na'am, Malam." Suka sauka, suka tsallaka titi da gudu yana janye da hannunta, suka shiga ta biyu, suka shiga ta uku, suka taka wata doguwar tafiya a rana domin ya ce kusa ne. Kai, Dogo! Mutum ya san gari haka, a ce bai lura da matar da ke riƙe da gefen rigarsa ba.

Wajen azahar, kusa da kasuwar Wuse, ta zauna a bakin kwalbati tana haki. Ya tsaya a kanta yana murmushi.

"To, kin ga gari ko?"

Ta ce, "Malam, kar ranka ya ɓaci. Ban ga komai ba sai ƙeyar direba. Kafin in kai idona inda ka nuna, an wuce."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, da baƙin ciki. Rabin yini ya tafi, gobe za su koma, kuma ya sani sarai babu wata tafiyar bayan wannan. Ya dubi titi ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannu ya tsayar da wata koriyar tasi babu kowa a ciki.

"Shata," ya ce wa direban. "Har magariba."

Ko ciniki bai tsaya ja ba. Ya buɗe ƙofar gaba ya zaunar da Sabuwa, shi ya koma baya. "Ɗana, a hankali za ka tafi. Inda ta ce tsaya, ka tsaya."

Direban ya dubi idonta sau ɗaya, ya gane. Ya kai su babban masallaci. Sabuwa ta fito ta ɗaga kai tana juya shi kaɗan kaɗan, ta nemo hasumiya ɗaya, ta bi ta har sama, ta sauko, ta nemo ƙubba. Ta ce, "Allahu Akbar. Ashe ba ƙari ka yi ba." A nan suka yi la'asar.

Da suka koma mota Dogo ya fara lissafo sauran wurare, wurin shaƙatawa, da inda ake hango dutse.

"A'a," in ji ta. "Kai ni inda kake tsayawa da rake."

Wurin nan bai taɓa sa shi a labari ba. Ya ce babu abin gani. Ta ce ita dai a kai ta.

Wata mahaɗar titi ce, bakin lambatu mai wari, ƙasa duk ɓawon rake da leda. Babu bishiya, babu rumfa. Motoci na wucewa suna watsa hayaƙi. Ta fito ta dudduba ƙasa, ta dudduba sama.

"Nan ne?"

"Nan ne."

"Tun safe har yamma?"

"Har yamma."

"Ashe ko inuwa babu," ta ce. "Ni kuwa ina gida ina cewa kana can kana jin daɗi. Har haushinka na sha ji, Malam. Ka yafe mini."

Sannan ta nuna masa bakin lambatun da hannu.

"Je ka tsaya yadda kake tsayawa."

Ya je ya tsaya a bakin lambatun, tsoho da farin gemu, hannuwansa a gaba kamar yana riƙe da baro. Sabuwa ta yi ta ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, har ya shiga cikin ɗan abin da ya rage mata na gani gaba ɗayansa, daga hula zuwa takalmi. Kafin ruwan farko na shekarar nan idon zai rufe, su biyun kuma sun san haka.

Hawaye suka zubo masa, ya ɗaga hannu zai share.

"Kar ka motsa tukuna," ta ce. "Ban gama ba."

Direba ya kashe mota.