Ranar da anka yaba ma jariri don bai yi kuka ba

Ranar ni ce da gari. Sakamakon jarabawarmu ta makarantar koyon aikin lafiya ya fito, na haye kaf, ina zaune tsakar gidanmu nan Tambuwal ina ta zuba sitatus a waya, yatsa har zafi.

Sai ga Yaya ya dawo da ɗanai, wata biyu da haihuwa, daga wurin wani mai kemis da yay yi mai kaciya. Baki har kunne.

"Ko uffan bai ce ba! Ni nac ce a ƙara mai allurar kashe zafi, anka cika sirinji."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, wai namijin duniya. Na leƙa zanen da anka naɗe shi. Leɓen yaro ya yi shuɗi, hannu na fizga, ido ya kakkafe.

"Yaya, an aza shi bisa sikeli kafin allurar?"

"Sikeli? Buhun gero ne?"

Tir. Ko ɗan aji ɗaya ya san da nauyin jariri aka auna wagga allura. In ta yi yawa, ƙwaƙwalwa da zuciya taka bugu.

Gwaggo har ta ɗebo garwashi za ta yi mai hayaƙi, wai iska ce. Na fizge yaron. "Gwaggo, numfashi ne ba shi da shi, hayaƙi za ki ƙara mai?" Na sa Yaya ya kira mai kemis ya turo hoton kwalbar allurar, munka haye babur.

A asibiti hoton na fara miƙa ma likita. Ta duba, ta dubi Yaya. Sunka auna yaron, sunka sa mai iskar numfashi, anka yi allurar tsai da jijjiga, anka ɗaura wani ruwa fari kamar madara, mai janye maganin daga jini. Wayata na ta ƙara, 'yan ajinmu na barka, ko kallonta ban yi ba. Ƙirjin nan kaɗai nika kallo, ya tashi, ya faɗa.

Wajen la'asar yaron ya callara ƙara, har nas ta zabura.

Yaya ya matso. "Auta, ki lallashe shi mana."

Na ce, "Yaya, don Allah matsa. Bar shi ya yi abinai."