Macen Tuje ta Fata

Yayana shi ne maharbin gidanmu. Ubanmu manomi ne, har ya rasu bai taɓa rataya kwari ba, amma kakanmu na wajen uwa maharbi ne, a hannunsa yayana ya koyi jan baka. Ya girme ni da kamar shekara bakwai. Dogo ne, ba shi da yawan magana, in yana tafiya ba ka jin takunsa. Muna zaune a wata 'yar unguwa kusa da Kaikai, a ƙasar Kusada. A lokacin da nake magana a kai na riga na yi aure, matata tana da cikin fari.

Yaran yanzu ba su san tuje ba sai a baki. Tsuntsu ne babba, namijin in ya miƙe yakan kai wa mutum ƙugu, ya fi talotalo nama. Ga wayo. Tun kana nesa ya gan ka, ba zai tashi ba, sai ya riƙa takawa a hankali yana waige, ka bi shi wuni guda tazarar da ke tsakaninku ba ta ragu ba. Lokaci ɗaya ne a shekara yake rasa hankalinsa, wato ƙarshen bazara, in zafi ya kai maƙura, hadari ya fara haɗowa a gabas yana watsewa. A nan ne yake neman mace. Da sassafe sai ya fito fili ya hura wuya ya yi fari fat, yana wani gurnani da ake ji daga nesa.

Yayana ya feɗe wata macen tuje da ya taɓa harbowa, ya cire fatar ɗungurungum da gashinta, ya gyara ta da toka da bagaruwa, ya cusa mata ƙaiƙayin gero. Ya sa mata lanƙwasasshen icen geza a wuya, ya yi mata ƙafafu da sanduna biyu masu tsini. Inna ta ce ba za a ajiye mata gunki a gida ba. Aka tambayi liman, ya juya abin ya duba, ya ce tarko ne kamar kowane tarko. Duk da haka a ƙarƙashin rumbu take kwana, cikin tsohon buhu.

Bazara huɗu na bi shi. Mukan fita bayan sallar asuba, mu yi yamma, wajen dajin da ke tsakaninmu da Kankiya, da gorar ruwa da ɗan ƙuli-ƙuli. In mun sami filin da ya ga sawu da kashi, ni ne mai kafa macen, shi kuma ya zaɓi inda za mu laɓe. Ƙa'idarsa ba ta da yawa. Bayanka ya jingina da kututture mai kauri. Kada macen ta tsaya daidai saitinka, a kafa ta gefe, taku ashirin. Kada ka kori ƙuda. Kuma ba ya shafa wa kibiyar tsuntsu dafi, yakan ce tsuntsu ba ya bukata, gudu da wuƙa yake bukata, a kai gare shi a yanka kafin rai ya fita.

Yawancin ranakun ba ma samun komai. Mu zauna har rana ta take, gumi na shiga mana ido, cinnaku na cizo, mu naɗe macen mu dawo. Amma ranar da aka dace, ba na manta yadda namijin ke zuwa, yana taku ɗaiɗai, ya tsaya, ya kewaya, ya matso, har ka ji kamar ka ji tausayinsa. A bazarata ta uku yayana ya bar mini harbin. Na sami tujen a gindin fiffike. Kafin in zare wuƙa yayana ya riga ni, sai shi ya yanka. Bai yaba mini ba, amma da muka iso gida ya ce wa Inna wannan na ƙanensa ne.

Daga baya Turawa suka sa aka yanke mafi kyawun dajin aka mai da shi gandu. Aka jera tarin duwatsu a kan iyaka, aka sa malamin daji mai yawo da kaki. Ba sara, ba wuta, ba farauta sai da takarda, dafin kibiya kuwa an hana shi ko'ina. Shekarun yaƙi ne, ana ɗibar mutane daga kowane gari zuwa aikin tilas na haƙar kuza, kuma kowa ya san wanda ya shiga hannun hukuma shi ake fara rubutawa. Waɗanda suka dawo daga can, da tari suka dawo.

Damina ta yi gardama a shekarar da abin ya faru, ɗan abin da aka samu kuma aka auni wani kaso aka tafi da shi don ciyar da masu haƙa. Kafin bazara ta yi nisa rumbunmu ya koma sai ƙura. Muna cin ganyen tafasa busasshe da dusa. Mun fita sau biyar a wajen gandu ba mu ga ko gashin tuje ba, duk sun koma ciki inda ba a damunsu. Ni ne na fara cewa mu shiga. Yayana ya ƙi, na sake, ya ƙi. Sai nonon matarsa ya ƙafe, ɗansu na goye yana kuka har muryarsa ta dushe. Wata safiya ya zaro buhun daga ƙarƙashin rumbu ya miƙo mini.

Mun tsallake duwatsun rana ba ta fito ba. Muka sami wani fili mai sawu sabo, sai dai babu babban ice kusa, sai ƙungurmin sabara guda biyu. Ya shiga ɗaya, ya nuna mini ɗayar. Na je kafa macen, ƙasa ta bushe kamar dutse, sandunan suka ƙi shiga. Na gwada wuri uku. Jiri nake ji don yunwa. Na ga wani wuri da gara ta yi laushi, na soka ta nan, ta tsaya. Da na ɗago na ga ta yi daidai da sabarar da yake ciki, kuma ta yi kusa. Na ce a raina yau ɗaya ba komai. Shi daga inda yake zaune ganye ya tare shi, na tabbata bai ga yadda ta tsaya sosai ba.

Da hantsi ya fara ɗagawa muka ji gurnani daga kudu. Namiji ne, ƙato, ya hura wuya yana tahowa. Ina kallonsa sai na hango wani abu daga arewa, can bayan macen, baƙi, da dogon baki da jan maƙogwaro, yana sunkuyawa yana ɗagowa cikin busasshiyar gamba. Burtu ne. Na san burtu ba ya yawo shi kaɗai, bibbiyu suke tafiya ko uku. Na kuma san maharba kan ɗaura kan burtu a goshi su lulluɓa da baƙin zane su yi rarrafe, don namun daji ba sa gudun burtu. Duk wannan ya zo mini a rai. Da na yi tari ɗaya, ko na yi fito, da ya tsaya. Amma tujen ya rage taku kaɗan ya shigo, na tuna kukan yaron, na yi shiru.

Burtun ya miƙe ya zama mutum. Na ji ƙarar tsirkiya. Kibiyar ta ratsa jikin macen, don ba komai ciki sai ƙaiƙayi, ta wuce cikin sabara. Tujen ya tashi. Yayana ya yi salati, ba da ƙarfi ba.

A ƙasan haƙarƙari ta same shi, ta dama. Mutumin ya iso da gudu, kan burtun na lilo a goshinsa. Magidanci ne, ya ɗan manyanta, daga wajen Rimaye, ba mu taɓa ganinsa ba. Ciyawa ta tare masa namijin, macen kawai ya gani. Yayana ya dube shi ya tambaye shi ko akwai dafi. Mutumin ya durƙusa ya ce barewa ya fito nema, abin da ke kan tsirkiya shi ya saki.

Mutumin yana da makarin dafi a laya, ya kwance ya jiƙa da ruwan gorarmu ya ba yayana. Kibiyar mai kunne ce, sai da ya tsaga da wuƙa ta fito, yayana na cije da bakin rigarsa. Na ce mu nufi Kankiya, akwai ɗakin magani. Mutumin ya ce shi ya yarda, ko da daga can gidan yari za a wuce da shi.

Yayana ya ce, "Ba inda za ku kai ni. In an tambaye ku ina aka harbe ni, mi za ku ce? Ku duka biyu za a tahi da ku, gida biyu ba namiji. Ku hid da ni daga gandun nan, ku yi gida da ni."

Muka bar macen a nan tsaye. Muka riƙa goyonsa bi da bi. Ya yi amai sau biyu, jikinsa ya yi sanyi cikin wannan zafin, ina jin bugun zuciyarsa a bayana yana yi yana tsallakewa. Da muka wuce duwatsun iyaka ya ce a sauke shi. Muka kwantar da shi a gindin wata kanya, ana hango gonakin unguwarmu. Ya ce wa mutumin ya yafe masa, tsautsayi ne. Ni kuma ya ce in kula da Inna. Na buɗe baki in gaya masa abin da na gani, na ga yana ƙoƙarin kalmar shahada, sai na taya shi. Kafin azahar ya cika.

Ni da liman muka yi masa wanka. Liman ya ga raunin, ya dube ni, ya ci gaba da zuba ruwa. Mai unguwa ya aika wa dagaci cewa maciji ne. Duk unguwar ta san ba maciji ba ne, ba wanda ya faɗa, har mata a bakin rijiya.

Mutumin bai tafi ba. Ya zauna zaman makoki can gefe, ba ya cin abin da aka miƙa masa. Ran kwana uku Inna ta ce a shigo da shi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce ga shi, duk abin da ta ce a yi da shi a yi. Inna ta dube shi.

Ta ce, "Kana da 'ya'ya?"

Ya ce biyar.

Ta ce, "To tashi ka koma masu. Nawa ya tahi, ba ya dawowa."

Yaron goyen bai kai kaka ba. Uwarsa ta gama takaba ta koma wurin iyayenta a Tafashiya. Matata ta haihu lafiya. Ni ban ƙara taɓa baka ba, na ba wani ɗan kawunmu shi da kwarin.

Da ruwa ya sauka, sai ga mutumin da fartanya a kafaɗa. Ya ce ya zo ya taya mu noman gonar mamacin. Haka ya riƙa yi kowace damina, noman fari da maimai, ya yi kwana biyu ko uku yana kwana a zaure, ya koma. Muna noma kafaɗa da kafaɗa, ba mu cika magana ba. Yana ba ni girma kamar ni ne babba, ba ya haɗa ido da ni. Wata rana muna hutawa ya ce mini har yau in ya rufe ido yana ganin wuyan tsuntsuwar nan, yana tambayar kansa yadda aka yi bai gane fata ba ce. Na ce masa ai ƙaddara ce. Abin da na iya faɗa ke nan. Shekara tara yana zuwa, kowace shekara ina cewa bana zan gaya masa na gan shi tun daga nesa, kuma ni na kafa ta inda bai kamata ba.

A ta goma bai zo ba. Bayan an yi girbi na ji sanƙarau ya kashe shi tun cikin bazara. Na shirya na tafi gaisuwa. Babban ɗansa ya karɓe ni, ya kawo mini ruwa, ya ce sun daɗe suna mamakin abin da ke kai tsohonsu Kaikai duk damina ya bar tasa gonar, bai taɓa gaya musu ba. Ya tambaye ni ko mu dangi ne. Na ce a'a, sanayya ce kawai ta daji. Na yi musu addu'a, na kamo hanya tun da sauran rana.